Taya Marar Iska: Me Ya Hana Ta Hawa Motar Gida?

A watan Yunin 2019, a wani taron harkar sufuri da aka yi a birnin Montreal na ƙasar Kanada, kamfanin Michelin na Faransa da General Motors na Amurka suka fito da wata taya da mutum ke iya leƙawa ta gefe ɗaya ya hango wanda ke tsaye a ɗaya gefen. Ba ta da bawul, ba ta da tub, ba ta da bangon gefe. Tsakanin rim da robar da ke taka kwalta, wasu haƙarƙari ne masu lanƙwasa a jere, su ke ɗauke da nauyin motar. Sunanta Uptis. Aka ɗaura ta a Chevrolet Bolt mai aiki da lantarki don gwaji a jihar Michigan, aka kuma ce idan komai ya tafi daidai, tun daga 2024 za a fara ganinta a motocin gida. Shekarar ta zo ta wuce, motar gida ko ɗaya ba ta fito daga masana'anta da ita ba.

Ina cikin masu son wannan taya ta yi nasara. Duk wanda ya taɓa jin ƙarar fashewar tayar gaba mota tana gudu, ya ji yadda sitiyari ke neman ƙwacewa daga hannun direba, ya san maganar ta wuce ta ɓata lokaci wajen mai faci; rayuka ne a ciki. Amma son abu ba ya hana a faɗi gaskiya a kansa. Jinkirin da aka samu ba lalacin injiniyoyi ba ne. Iskar nan da ake ƙoƙarin kora daga taya, aiki take yi, aiki mai yawa, kuma kyauta.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, taya marar iska ita ce babba a haihuwa. Kekuna da motocin farko a kan dunƙulalliyar roba suka yi tafiya, wasu ma a kan katako mai ɗaurin ƙarfe. Robert William Thomson, mutumin Sikotlan, ya yi rajistar tayar iska tun 1845, amma ba ta samu karɓuwa ba. Sai a 1888 John Boyd Dunlop, likitan dabbobi a Belfast, ya sake ƙirƙiro ta bayan ya ga yadda keken ɗansa mai ƙafa uku ke jijjiga yaron a kan titin duwatsu. A 1895 'yan'uwa biyu, André da Édouard Michelin, suka shiga tseren motoci daga Paris zuwa Bordeaux da komowa da mota mai tayar iska. Ta sha faci a hanya ba adadi. Duk da haka duniya ta bi su, ta jure facin shekara fiye da 100, domin abin da iska ke bayarwa ya fi ƙarfin wahalar da take jawowa.

To, me take bayarwa?

Ɗauki motar da nauyinta ya kai kilo 1,500. Kowace taya tana ɗauke da kusan kilo 375, a kan fili da bai wuce tafin hannun babban mutum ba. Iskar da aka ɗura a ciki, wajen 32 zuwa 35 a gejin mai faci, ita ke ɗame zaruruwan da ke jikin tayar su yi tauri kamar fatar ganga, ita kuma ke raba nauyin daidai a kan wannan ɗan filin. Duk iskar da ke cikin taya guda, in aka auna ta, ba ta kai rubu'in kilo ba. Sifirin ne ke nan wanda kusan ba shi da nauyi. Idan taya ta hau tsakuwa, ba wurin da ya taka tsakuwar kaɗai ke karɓar bugun ba. Iskar da ke zagaye da rim gaba ɗaya ce ke rarraba shi, roba ta haɗiye tsakuwar, fasinja bai ma san an taka wani abu ba. Iska ba ta gajiya, ba ta tsagewa, ko an matse ta sau miliyan nawa. Sannan tana karɓar gyara. Za ka ɗauki kaya da mutane, ka ƙara ta. Za ka shiga rairayi, ka rage ta, tayar ta baje ta daina nutsewa. Duk mai son cire iska, dole ya samo abu mai jiki da zai yi waɗannan ayyuka duka a lokaci guda, kuma duk abu mai jiki yana da nauyi, yana ɗaukar zafi, yana tsufa.

Inda iska ba ta da amfani, tuni aka yi sallama da ita. Motar da 'yan sama jannatin Apollo 15 suka tuƙa a duniyar wata a 1971, ƙafafunta saƙar wayar ƙarfe ce, domin babu mai faci a can, kuma zafi da sanyin wurin ba sa barin roba lafiya. Amma ita da irinta biyu da aka kai wata daga baya, tafiyarsu duka a haɗe kimanin kilomita 90 ce, a gudun da bai fi na mai keke ba. Motocin ɗaga kaya a sito ma a kan dunƙulalliyar roba suke yawo har yau, a kan daɓen siminti, a hankali. Wahalar tana farawa ne idan aka ce ga babbar hanya, ga gudun kilomita 120 a awa, ga iyali a kujerar baya suna son yin barci.

Dabarar da ta buɗe ƙofa ta bayyana a 2005, lokacin da Michelin ya nuna wata taya mai suna Tweel, sunan da aka haɗa daga kalmomin Ingilishi na taya da na ƙafar mota, saboda abu ɗaya ne ba a raba su. A nan ya kamata a tsaya a fahimci yadda take aiki, don kusan duk tayoyin da suka biyo baya a kan wannan tunani suke.

Dunƙulalliyar roba daga ƙasa take ɗaukar nauyi: rim ya danne abin da ke ƙarƙashinsa, sauran robar da ke sama da gefe tana zaman banza. Shi ya sa take da nauyi, take da tauri, take zafi. Sabuwar dabarar ta juya lamarin. A ƙarƙashin robar da ke taka ƙasa akwai wata ɗamara zagayayya mai ƙarfi, wadda ke iya ɗan bajewa a inda ta taɓa kwalta amma ba ta miƙewa a tsawonta. Haƙarƙarin suna haɗa wannan ɗamara da rim. Idan nauyi ya sauka, haƙarƙarin da ke ƙasa sai su lanƙwashe su saki jiki, na sama kuma su ɗame. Wato motar a rataye take daga saman ɗamarar, kamar yadda tsakiyar ƙafar keke ke dogaro da ɗamewar wayoyinta. Da haka kusan dukan jikin tayar ke shiga aikin ɗaukar kaya, ɗamarar kuma ta yi aikin da iska ke yi na shimfiɗa nauyi a ƙasa. A Tweel, haƙarƙarin na wata roba ce da ake kira poliyuretan. A Uptis an koma ga haɗin roba da zaren gilashi da aka jiƙa da wani danƙo mai daskarewa, a kan rim na alminiyam.

Akwai wata fa'ida a nan da ba a cika ambata ba, kuma ita ce ta fi burge ni. A tayar iska, taushi da riƙon kwana a ɗaure suke da igiya ɗaya. Ka ƙara iska, mota ta riƙe kwana da kyau amma ta riƙa dukan ƙugu. Ka rage, ta yi taushi amma ta riƙa lilo. A tayar haƙarƙari, injiniya na iya sa ta yi taushi sama da ƙasa, ta kuma yi tauri hagu da dama, kowanne da ma'auninsa. Wannan abu ne da iska ba za ta iya ba.

Sai dai ba nan gizo ke saƙa ba. Da aka gwada Tweel a kan Audi A4, an samu cewa da zarar gudu ya haura wajen kilomita 80 a awa, sai jijjiga ta taso, da ƙara, da zafi. Lissafin ba shi da wuya. Kewayen tayar motar gida kimanin mita 2 ne, don haka tana juyawa kusan sau 500 a kowace kilomita. A gudun 120, kowane haƙarƙari yana lanƙwashewa ya miƙe sau 16 zuwa 17 a daƙiƙa guda. Idan tayar za ta yi kilomita 50,000 kafin ta suɗe, lanƙwasa miliyan 25 ke nan ga kowane ɗaya. Ka ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, za ka ji ta yi zafi a yatsunka kafin ta karye. Roba ma haka take: duk lanƙwasa sai ta riƙe wani ɓangare na ƙarfin ta mai da shi zafi. Wannan zafi illa biyu ne. Yana tsufar da tayar, kuma daga tankin mai ko batir aka ciro shi. Masu ƙera taya da kansu suna ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da motar gida ke sha, wajen mirgina tayoyi yake tafiya. Tayar da ta ƙara ko da kaɗan a kan wannan, mai motar lantarki zai gani a nisan da cajinsa ke kai shi.

Ƙara kuma matsala ce ta daban. Haƙarƙari da yawa suna wucewa ta wuri ɗaya a jere, kowanne yana ɗamewa yana saki, kamar tsirkiyar da ake kaɗawa, sannan suna yankar iskar waje kamar fanka. A motar fetur, ƙugin inji na rufe wani abu. A motar lantarki, wadda ita ce aka fi yi wa kwaɗayin wannan taya, ba abin da zai rufe.

Ga nauyi. Kilo ɗaya a ƙafar mota ba daidai yake da kilo ɗaya a but ba, domin ƙafa tana ƙasan sifirin da shokazoba, ita ke tsalle a kan kowane gargada. Idan ta yi nauyi, takan yi jinkirin komawa ta manne da kwalta bayan ta yi tsalle, kuma a wannan ɗan lokacin burki da sitiyari ba su da cikakken iko. Ga kuma buɗaɗɗen gefe. Taɓo, tsakuwa ko ƙanƙara na iya maƙalewa tsakanin haƙarƙari. Kamfanonin na cewa juyawa da lanƙwasa suna watsar da su, kuma a tafiya haka ne galibi. Amma motar da ta kwana da laka ta bushe a gefe ɗaya na ƙafarta, da safe sitiyari zai gaya wa direba. Wanda ya taɓa ganin ɗan mitsitsin darmar da ake liƙawa a rim wajen balansin, ya san abin da giram kaɗan ke iya yi. A rufe gefen kuma, zafi ya rasa ta inda zai fita. An gudu ba a tsira ba.

Saboda haka Tweel ba ta je motar gida ba. Ta tafi inda ake maraba da ita: ƙananan motocin kwasar ƙasa da baraguzai a wuraren gini, tun daga 2012, da injinan yankan ciyawa da ake hawa, irin na John Deere. A 2014 Michelin ya buɗe mata masana'anta sukutum a Piedmont, jihar Karolina ta Kudu a Amurka. A wurin da ƙusa da guntun rodi ke ko'ina, kuma ba mai wuce gudun ɗan tsere, ciniki ne mai riba.

Sauran kamfanoni ba su zauna ba. Bridgestone na Japan ya nuna tasa a bajekolin motoci na Tokyo a 2011, ya inganta ta a 2013 har ta kai gudun kilomita 60 a kan wata 'yar ƙaramar mota, kuma a 2024 ya fara gwada sabon samfuri mai shuɗayen haƙarƙari a titunan Kodaira, wani gari a yankin Tokyo. Lura da motocin da ya nufa da ita: masu tafiyar hawainiya da ke jigilar mutane cikin unguwanni, ba masu hawa babbar hanya ba. Hankook na Koriya ta Kudu ya sanar a 2015 cewa tayarsa iFlex ta kai kilomita 130 a awa a gwaji. Goodyear na Amurka ya ɗaura tasa a wata ƙaramar bas marar direba a Jacksonville a 2021, ya sa ta a 'yan ƙananan na'urorin kai saƙo masu tafiya da kansu na kamfanin Starship, ya kuma zaga da ita a kan Tesla Model 3 a filin gwajinsa na Luxembourg. Ita kanta Uptis ta hau titi da gaske a 2023, amma a ƙarƙashin motocin raba kaya: na DHL a Singafo, inda aka tsara kusan 50, da na hukumar gidan waya ta Faransa, La Poste, a arewacin ƙasar, inda aka tsara 40.

In ka jera waɗannan, hoto ɗaya ke fitowa. Waɗanda suka fita daga filin gwaji duk motocin aiki ne, masu gajeren zango, masu matsakaicin gudu, mallakar kamfanin da ke riƙe da lissafin kowace awa da mota ta yi a tsaye. Ga irin wannan kamfani, faci ɗaya ba kuɗin faci ba ne kawai: albashin direban da ke zaune ne, da kayan da ba su isa ba, da motar da za a tura ta karɓa. Ga tasi marar direba kuwa abin ya fi tsanani, don babu wanda zai sauko ya ɗauko jak, babu ma wanda zai zaga motar da safe ya ga wata ƙafa ta yi ƙasa. A nan nake ganin makomar tayar ta kusa, kuma makoma ce ta gaske.

Mai motar gida lissafinsa daban ne, kuma abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne tayar iska ba ta tsaya jira ba. Tun shekarun 1950 tubles ta maye gurbin mai tub, ƙusa ta daina sa taya ta sace nan take. A 1946 Michelin ɗin nan dai ya yi rajistar tayar radiyal, mai zaruruwan da ke ratsa ta daga gefe zuwa gefe, wadda ta ninka tsawon ran taya. Na'urar da ke kunna fitila a gaban direba idan iska ta ragu ta zama dole a sababbin motoci a Amurka daga 2007, a Tarayyar Turai daga 2014. Akwai tayoyi masu ƙarfafan bango da ke iya yin kusan kilomita 80 a gudun 80 bayan iska ta fice. Akwai masu danƙo a ciki da ke toshe hujin da bai wuce milimita 5 ba kafin direba ya sani. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta ɗebi wani yanki na matsalar da taya marar iska ta zo magancewa, ba tare da an canja rim ko masana'anta ba. Abin da ya rage mata ita kaɗai shi ne babban: fashewa a guje, da ramin da ke tsaga bangon gefe, da sakacin gwada iska. Ba ƙaramin abu ba ne, amma mai saye zai auna shi da farashi.

Farashin kuwa yana da dalilan tsada da ba za su gushe da wuri ba. Masana'antun taya na duniya, da injinansu da ma'aikatansu, an gina su ne a kan tayar iska shekara da shekaru, suna fitar da fiye da biliyan guda a shekara. Sabuwar tana buƙatar wasu injina, wasu kayan haɗi. Tana zuwa manne da rim ɗinta, don haka injin cire taya da ke kowane gareji ba shi da aiki a kanta. Kuma tunda ba a ƙara mata iska ko a rage, kowace mota sai an ƙera mata tata daidai nauyinta, alhali tayar iska mai lamba ɗaya tana shiga motoci iri-iri, geji kawai ake sauyawa. Idan ta suɗe, tsarin da ake fata shi ne a mayar da ita a sake mata sabuwar fuska a kan tsofaffin haƙarƙari, kamar yadda ake yi wa tayoyin manyan motoci da jiragen sama. Tunani ne mai kyau, amma yana buƙatar hanyar karɓa da mayarwa a kowace ƙasa, kuma babu ita tukuna.

Michelin na kafa hujja da muhalli. A ƙididdigarsa, kimanin taya miliyan 200 ake zubarwa duk shekara kafin lokacinsu, wajen kashi 20 cikin 100, saboda huji, fashewa ko cin gefe ɗaya da rashin daidaiton iska ke jawowa. Alƙaluman mai sayarwa ne, amma matsalar da suke nunawa kowa na ganinta a tarin tsofaffin tayoyi. Ina da tambaya biyu a kai. Haɗin roba da zaren gilashi da danƙo ya fi wuyar rabawa idan an zo sake sarrafawa. Sannan ƙurar robar da taya ke bari a kan titi, wadda ruwan sama ke kwashewa zuwa koguna, daga fuskar taya take fitowa, kuma fuskar nan roba ce a duka biyun. Ribar muhallin za ta tabbata ne kawai idan tayar ta daɗe, aka sabunta fuskarta sau da yawa, kuma ba ta ƙara shan mai ba.

Akwai shingen doka ma. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 30, wadda Turai da wasu ƙasashe da yawa ke bi wajen amincewa da tayar motar gida, don tayoyin iska aka rubuta ta, kuma gwaje-gwajenta suna farawa ne da ɗura iska zuwa wani awo. Tayar da ba ta da bawul sai an rubuta mata nata gwajin: yaya za a san ta gaji, wace alama mai duba lafiyar mota zai nema, haƙarƙari nawa za su tsage kafin a ce a cire ta. Tayar iska idan ta samu matsala takan nuna, ta yi ƙasa ko ta kumbura. Wannan kuwa za ta iya ci gaba da mirginawa da lahani a jikinta, wanda alheri ne a tsakiyar daji da dare, amma haɗari ne ga mai sakaci.

A Tarayyar Turai, tun 2012 kowace sabuwar tayar mota ana sayar da ita da takarda manne a jiki mai nuna abu uku: yawan man da take ci, riƙonta a jiƙaƙƙen titi, da ƙararta. Daga 2021 makin biyun farko daga A zuwa E yake. Bidiyon mota tana taka ƙusoshi tana wucewa mun gani da yawa, kuma ba wanda ke musun wannan ɓangaren. Abin da nake jira shi ne ranar da taya marar iska za ta fito da irin wannan takarda a jikinta, a ajiye ta kusa da tayar iska mai girmanta, da farashin kowacce a rubuce, a kuma ce ga sunan motar da za ta fito da ita daga masana'anta.